Na'urar Ji Da Mataimakanta

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin wani, yaro ko babba, da ɗan wani abu kamar ɓawon gyaɗa maƙale a bayan kunnensa, ga siririn bututu ya zagayo ya shiga cikin kunnen. Wannan abu shi ake kira na'urar ji, watau na'urar da ke ƙara wa mai nauyin kunne ƙarfin sauti. Mutane sukan ɗauke ta kamar tabarau. Sukan ce tun da mai ciwon ido yana sa tabarau sai ya ga allo tangaran, ai shi ma mai nauyin kunne yana sa na'ura zance ya ƙare. Saboda haka in aka kira yaro mai na'ura bai amsa ba, ko malam ya yi masa tambaya ya ba da amsar wani abu dabam, sai a ce kunnen ƙashi gare shi, ko kuwa kunnen uwar shegu ya yi da gangan. Wani lokaci har bulala takan shiga tsakani. Alhali kuwa yaron nan gaskiyarsa ce, bai ji ba. Ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu dalilin haka, da kuma waɗansu ƙananan na'urori da aka ƙera don su toshe wannan giɓi.

Kada a zaci maganar mutane kaɗan ce. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ta ce mutum miliyan 430 ne ke da nauyin kunnen da ke bukatar taimako, kuma miliyan 34 daga cikinsu yara ne. A ƙasarmu sanƙarau da ƙyanda da hangum da ciwon kunne mai ruwa suna cikin abubuwan da ke barin yaro da wannan lalura, kuma duk mun san su.

Bari mu fara da ita na'urar. Abubuwa huɗu ne a cikinta. Akwai ɗan makirfon da ke kama sauti, da abin da ke ƙara wa sautin ƙarfi, da 'yar lasifika da ke zuba shi cikin kunne, sai batir. To, abin lura shi ne inda makirfon ɗin yake. A kunnen mai saurare yake, ba a bakin mai magana ba. Duk abin da ya iso kunnen nan shi zai kama ya ƙara masa ƙarfi, da muryar malam, da jan benci, da tarin na kusa, da kukan fanka. Na'urorin zamani suna da dabarun rage hayaniya, amma duk da haka aikinsu ya fi kyau in mai magana yana cikin tazarar mita biyu, a wuri mai shiru. Wane aji ne a makarantarmu ya cika waɗannan sharuɗɗa?

Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni mai suna desibel. Sunan ya samo asali ne daga Alexander Graham Bell, wanda aka sani da ƙirƙiro tarho, kuma abin sha'awa shi kansa malamin kurame ne, mahaifiyarsa da matarsa duk ba sa ji. Maganar mutum ta yau da kullum, in aka auna ta daga nisan mita 1, takan kai desibel 60. Ƙa'idar kimiyya kuwa ta ce a fili, duk lokacin da nisa ya ninka biyu, sauti yakan ragu da desibel 6. Ke nan a mita 2 saura 54, a mita 4 saura 48, a mita 8 saura 42. Mu ɗauka surutun aji da ƙarar fanka sun kai 50. Wanda ke bencin gaba yana samun muryar malam bisa hayaniya. Wanda ke tsakiya kuwa hayaniya ta riga ta kamo muryar, na baya ta binne ta. Mai lafiyar kunne yakan ƙarasa abin da ya ɓace da ƙwaƙwalwarsa ba tare da ya sani ba. Shi kuwa yaro mai nauyin kunne, masana sun ce yana bukatar murya ta ɗara hayaniya da desibel 15 kafin ya fahimci darasi sosai.

Bayan nisa da hayaniya akwai amsa-kuwwa. Bangon siminti da daɓen siminti da rufin kwano ba sa shanye sauti, mayar da shi suke yi, sai kalma ta hau kan 'yar'uwarta. A Amurka, ƙa'idar ginin azuzuwa da aka fitar a 2002 ta ce in babu kowa a aji kada ƙararsa ta wuce desibel 35, kuma amsa-kuwwa ta mutu cikin sakan 0.6. Mu da muka san yadda ɗakin cin abinci yake da tsakar rana, ko yadda aji yake in ruwa ya sauka a kan kwano a watan Agusta, sai dai mu yi murmushi.

Wani zai ce to a ƙara wa na'urar murya mana. Ai matsalar ba ta ƙarancin ƙara ba ce. Wasula irin su a da o da u suna da ƙarfi, su ne ke isa nesa. Baƙaƙe irin su s da sh da f da ts kuwa sirara ne, su ne ke fara ɓacewa a hanya, kuma su ne akasarin masu nauyin kunne ke fara rasawa. Ku gwada faɗin sara, shara, fara, tsara. In aka cire farkon kowacce me ya rage? Sai "ara" sau huɗu. Haka yaron nan yake jin shifta daga bayan aji. Yana jin malam na magana sarai, amma bai san me ya ce ba. In malam yana fuskantarsa yakan ɗan karanta laɓɓansa, to da ya juya yana rubutu a allo yana bayani, wannan ma ta tafi.

Duk mataimakan da zan ambata dabara ɗaya suka dogara a kanta, watau a ɗauke makirfon daga kunnen mai saurare a kai shi bakin mai magana. Abin ya yi kama da ruwan lambu. In ka kora shi ta lambatu, kafin ya isa ƙarshen fage rabi ya nutse a ƙasa, sauran kuma ya kwaso yayi. In ka biyo da shi ta bututu, yadda ya fito daga rijiya haka zai isa. Bambancin na'urorin nan kawai shi ne irin bututun da kowacce ke amfani da shi.

Wanda ya fi amfani ga ɗan makaranta shi ne makirfon na malam. Malam yakan maƙala shi a wuyan rigarsa ko ya rataya shi, kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, watau santimita 15 zuwa 20. A wannan kusanci muryarsa takan kai desibel 75 ko fiye, ta bar hayaniya can baya. Sai wani ɗan akwati ya aika da muryar ta iska zuwa ga ƙaramin abin karɓa da ke jone da na'urar yaron. Ko malam yana gaban allo, ko ya juya baya, ko ya tafi ƙarshen aji, yaron yana jinsa kamar a kunnensa yake raɗa. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara amfani da irin wannan a makarantun Amurka, ta hanyar FM, irin ta gidajen rediyo. Hasali ma ƙaramin gidan rediyo ne mai mai saurare ɗaya. Gidajen rediyon da muke kamawa suna tsakanin mita 88 da 108 ne, kamar yadda masu gabatarwa kan faɗa, shi ya sa a Amurka aka ware wa waɗannan na'urori 72 zuwa 76 da kuma 216 zuwa 217, don kada yaro yana tsakiyar darasin lissafi ya ji gaishe-gaishe sun shigo masa. A 2013 kamfanin Phonak na ƙasar Suwizalan ya fito da wani sabon salo mai suna Roger, wanda ke aika murya da lambobi irin na kwamfuta, kuma yana sauya tasha da kansa in ya ci karo da cikas. Sauran kamfanoni ma suna da nasu.

Wannan makirfon yana da ladabinsa. Dole malam ya tuna ya kashe shi in ya fita, in ba haka ba duk abin da ya faɗa wa wani malami a baranda yana kunnen ɗalibi. Kada ya bar shi yana gogar alƙalami ko mayafi, don ƙarar za ta dami mai saurare. Sa'an nan in wani ɗalibi ya yi tambaya daga wurin zamansa, makirfon bai kama ta ba, saboda haka sai malam ya maimaita tambayar kafin ya amsa, ko a miƙa wa mai tambayar makirfon ɗin. Ni a ganina wannan ɗabi'a ta maimaita tambaya ko babu na'ura ta kamaci kowane malami, don mu ma na baya sau da yawa amsa kawai muke ji. Akwai kuma irin da ake haɗa makirfon da lasifikoki a bangon aji, kowa ya amfana, malam kuma ya huta da ɗaga murya har ta dishe.

Na biyu shi ya fi burge ni, domin darasin Fiziks ne tsantsa. Mun karanta yadda Michael Faraday ya gano a 1831 cewa in ƙarfin maganaɗisu yana sauyawa kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki yakan gudana a cikin wayar. Shi ne gwajin nan da ake tura maganaɗisu cikin naɗin waya sai a ga allurar ma'auni ta motsa. To, a cikin na'urorin ji da yawa akwai wani ɗan mitsitsin naɗin wayar jan ƙarfe, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ana kiransa telikoyil, watau naɗin tarho. An sa masa wannan suna ne don kan tarhon da yana fitar da ƙarfin maganaɗisu yayin da ake magana, sai naɗin ya kama shi kai tsaye. Wani injiniyan Amurka mai suna Samuel Lybarger ya yi fice a wannan aiki a 1947. Kafin shi kuma, a 1937, Joseph Poliakoff, mutumin Rasha mazaunin Ingila, ya yi rajistar dabarar da ta fi wannan girma, watau zoben waya.

Ga yadda zoben yake. Ana zagaye ɗaki da waya guda ɗaya, ta gindin bango ko ƙarƙashin shimfiɗa. Ana jona bakinta biyu da wani akwatin ƙara ƙarfi, shi kuma a jona shi da makirfon mai jawabi. Murya takan zama lantarki mai hawa da sauka a cikin wayar, lantarkin ya haifar da ƙarfin maganaɗisu mai hawa da sauka a cikin ɗakin duka. Wanda ba shi da na'ura ba zai ji kome ba, ba zai ma san ana yi ba. Mai na'ura kuwa sai ya danna maɓalli ya koma kan harafin T. Nan take makirfon na'urarsa ya yi shiru, hayaniyar ɗaki ta ɗauke, naɗin nan ya mai da maganaɗisu murya a cikin kunnensa. In yana son ya riƙa jin na kusa da shi ma, akwai saitin MT mai haɗa biyun.

Alherin zoben waya shi ne ba ya tambayar sunan kamfani. Kowace na'ura mai telikoyil za ta kama, ko mutum ɗaya ne a ɗakin ko ɗari biyar, kuma ba sai mutum ya je ya roƙi a ba shi wani abu ya rataya kowa na kallonsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke jin kunyar lalurarsa. A Ingila ana samun zoben a majami'u da bankuna da gidajen waya da tagogin sayar da tikitin jirgin ƙasa, har da baƙaƙen tasi na birnin Landan. Alamarsa hoton kunne ne, akasari a kan shuɗin allo, da harafin T a gefe. Na kan yi tunanin dattawanmu a masallacin Juma'a, inda lasifikoki huɗu ko biyar ke amsa wa juna har huɗuba ta cakuɗe. Waya ɗaya da aka zagaya sahu kaɗan da ita za ta wadatar da mai na'ura. Haka ma babban ɗakin taronmu.

Amma zoben yana da aibinsa. Maganaɗisu ba ya sanin bango, saboda haka in aka sa wa azuzuwa biyu maƙwabta, darasin wannan yakan tsallaka wancan, sai in gwani ne ya tsara shi. Wayoyin lantarki marasa kyau da taransifoma da waɗansu fitilu sukan sa na'ura ta yi ta gunji kamar ƙudan zuma. Ƙarfen da ke cikin gini yakan shanye ƙarfinsa. Sa'an nan ƙananan na'urorin nan masu ɓuya cikin ramin kunne, da yawansu ba su da telikoyil, don babu wurin sa shi. Akwai kuma ƙaramin zobe na mutum ɗaya da ake ratayawa a wuya kamar laya, a jona shi da rediyo ko da abin karɓar muryar malam, ya aika wa telikoyil daga nan.

Akwai masu aika murya ta wani haske da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin. Haske ba ya ratsa bango, don haka ake sonsa a kotuna da wuraren da ba a so magana ta fita. Sai dai hasken rana yana ɓata shi, kuma in wani ya gitta tsakani sai ya yanke. A ƙasa mai rana irin tamu ba na jin zai yi kasuwa.

Na baya-bayan nan shi ne Bluetooth, wanda duk mun sani a wayoyin hannu. Sunan laƙabin wani sarkin Denmak ne mai suna Harald, na ƙarni na 10, ma'anarsa mai shuɗin haƙori. Da farko Bluetooth ya yi wa na'urar ji nauyi, don yana shan batir, sai an rataya wani ɗan akwati a wuya ya shiga tsakani. A 2014 kamfanin ReSound na Denmak ya fito da na'urar da ke haɗuwa da iPhone kai tsaye, wayoyin Android kuma suka sami irin wannan hanya a 2019. Yanzu kira yakan shiga kunnuwa biyu a lokaci ɗaya, wanda ya fi a kara waya a kunne ɗaya nesa ba kusa ba. Waɗansu wayoyin ma ana iya ajiye su gaban mai magana su zama makirfon. Akwai kuma ɗan akwatin da ake jonawa da talabijin ya aika wa na'ura sauti, Baba ya ji labarai yadda yake so ba tare da an ƙure murya har maƙwabta su sani ba. A 2022 aka sanar da wani sabon salo mai suna Auracast, wanda abin aikawa ɗaya zai watsa wa kowa da kowa a fili ko ɗakin taro, kamar dai aikin zoben waya. Sai dai sai sababbin na'urori ne ke kama shi, su ma ba duka ba, saboda haka tsohon naɗin jan ƙarfe bai yi ritaya ba tukuna.

Da dare kuwa ana cire na'ura a ajiye, kuma a nan ɗan makarantar kwana ke shiga uku, don ƙararrawar asuba ba ta isa gare shi. An yi agogo mai ɗan faifai da ake sawa ƙarƙashin matashi, lokaci na yi sai ya yi ta girgiza. In babu shi, na gadon kusa ya isa ya yi wannan aiki, kuma ya kamata shugabannin ɗakin kwana su san da haka kafin su rubuta sunan mutum cikin masu makara.

Ga iyayenmu, in za a sayi na'ura, a fara zuwa wurin masu gwajin kunne a auna, don kowane kunne da irin sautin da ya rasa, kuma da wannan awo ake saita na'ura. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A tambaya ko na'urar tana da telikoyil, kuma a ce a kunna shi, don sau da yawa yana nan amma ba a saita shi ba. A tambaya wane makirfon ne ke tafiya da ita, domin na kamfani kaza ba lalle ya yi aiki da na'urar kamfani kaza ba, sai mutum ya zuba kuɗi ya sayo abin da ba zai yi masa magana ba. Kayan nan daga waje ake kawo su, suna da tsada, shi ya sa nake ganin makaranta ce ta fi dacewa ta mallaki makirfon malam, ɗalibi ya yi amfani da shi ya bar wa na baya. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin neman ilmi kamar kowa, kuma zama a aji ba tare da jin malam ba, ba neman ilmi ba ne. A sani kuma akwai wanda kurumtarsa ta kai inda na'ura ba ta yi masa amfani, shi hanyarsa ita ce maganar hannu da malaman da suka iya ta.

Saura batun batir, wanda shi ke kashe yawancin na'urori a akwati. Ƙananan baturan nan girma huɗu ne, kowanne da launinsa: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska suke aiki, shi ya sa aka liƙe bayansu da 'yar takarda. In an ɓare ta sai a jira kamar minti ɗaya kafin a sa, kuma daga nan batir ya fara ƙarewa ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Karɓar murya ta iska yana ƙara shan batir, sai a yi tanadi. A ɓoye su daga ƙananan yara, don haɗiye su haɗari ne babba. Yanzu akwai na'urori masu caji, kuma tun farkon shekarun 2000 aka ƙera abin cajin batir mai aiki da hasken rana a ƙasar Botswana, kurame ne ma ke harhaɗa shi. Ƙurar hunturu takan toshe ramin makirfon, gumi da laimar damina kuma su ci cikin na'ura. Saboda haka kowane dare a goge ta da busasshen ƙyalle, a buɗe ƙofar batir, a sa ta a kwalba mai murfi tare da ƙwayoyin nan masu tsotse laima, irin waɗanda ake samu cikin kwalin sabon takalmi.